Zoben Ladan

Shagona na kasuwar Tumpat, garinmu na bakin teku, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma rabinsa ƙarafuna ne. Duk mai sayar da zinariya haka yake zama, ƙarfe a gaba, ƙarfe a baya, ana miƙo masa kaya ta 'yar taga kamar fursuna ana ba shi abinci. Wurin babana na gaji shagon, da ma'auninsa, da tabaraunsa, har da zafin zuciyarsa, in ji masu son gaya mini magana. Ni dai abin da na sani, ba na son a zo a tsaya mini a kai, balle da damina, lokacin da ruwa ke wuni yana zuba, ciniki ya mutu murus, bango ya yi ta zufa.

A irin wannan safiyar ce Pak Ngah Senik ya tsaya a bakin tagata, lemarsa na ɗiga, zaninsa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, a jiƙe har gwiwa. Mijin gwaggota ne, Mak Ngah Jarah, ƙanwar babana. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun ban yi wayo ba.

"Mek Nab, buɗe mini," ya ce, don haka ake kirana a gida.

"Haba Pak Ngah, a wannan ruwan? Ai kifi ma ya nemi wurin fakewa. Wa ka bar wa Mak Ngah?"

"Maƙwabciya na zaune da ita. Buɗe dai."

Na zare sakata na shigo da shi, na tura masa kujera. Bai ko taɓa shayin da na zuba masa ba. Hannunsa na dama ya ɗora a kan gilashin teburina, ya ce, "Wannan nake so ki auna mini."

Na san zoben kamar yadda na san hancina. Suwasa ne, zinariya da jan ƙarfe a haɗe, irin wanda mazanmu ke sawa, tunda malamanmu sun ce in zinariyar ba ta rinjayi rabi ba, babu laifi ga namiji. Babana ne ya zuba shi da hannunsa a satin bikinsu, sama da shekara arba'in ke nan. Ya goge ya yi santsi, ga wata 'yar loɓa a gefe inda sarƙar jirgi ta taɓa matse shi, zamanin da Pak Ngah ke fita teku kamun kifi.

"Sayarwa za ka yi?" na tambaye shi da tsokana. "Amarya za ka ƙaro?"

Bai yi dariya ba. Sai ya ba ni labari. Sabon limaminmu, Ustaz Fahrul, ya yi karatu bayan magariba a kan abin da ya halatta namiji ya sa a jiki, ya ce zobuna da yawa suwasa ne a baki kawai, a ma'auni zinariya ne. Yaron bai ambaci sunan kowa ba, wannan zan shede shi. Wan Leh mai kofi ne ya ɗaga murya daga sahun baya, ya kira Pak Ngah da laƙabin da muke yi wa ladan, ya ce, "To Tok Bilal, naka fa? Ƙyallinsa har ya fi haƙorin surukata." Masallaci ya ɗauki dariya, shi ma Pak Ngah ya taya su.

"Wan Leh ne ya zama mai ba da fatawa yanzu?" na ce. "Mutumin da kofinsa rabi garin masara ne? Ya fara auna nasa haɗin tukuna."

"Mek, ba maganar Wan Leh ba ce. Tun ranar, duk lokacin da na ɗaga hannu na toshe kunne zan kira salla, sai in ji sanyin zoben a kumatuna. Jiya da asuba sai da muryata ta sarƙe. Ina kiran mutane zuwa ga Allah, alhali ban san me ke hannuna ba."

Da wani ne, da na ce ya cire ya jefa a akwati a huta. Amma ni da shi duk mun san abin da ya sa ba zai yiwu ba. Hankalin Mak Ngah ya gushe. Ba ta gane fuska, ba ta gane murya, ni ma da sunan mahaifiyata take kirana. Abu ɗaya ya rage mata. In Pak Ngah ya zauna kusa da ita, sai ta lalubi hannunsa, ta sa babban yatsanta a kan zoben tana juyawa har ta sami loɓar nan. Nan take za ta ce, "Abe Senik," yadda take kiransa tun suna ango da amarya, ta buɗe baki ya ba ta abinci. In ba wannan hannun ba, ko ruwa ba ta karɓa. 'Ya'yansu sun zo daga birni sun gwada, ta kife musu kwano.

"Pak Ngah, ka bar abin nan yadda yake," na ce. "Ba ka sani ba, kuma ba wanda ya tilasta maka sani."

"Da ban ji ba, da wani abu ne. Na riga na ji."

Taurin kan mutanen teku ba ya tsufa. Na yi tsaki, na jawo zare da man kwakwa.

Zoben ya daɗe da nutsewa cikin nama, gaɓar yatsan ta kumbura ta tare shi. Na cusa bakin zaren ta ƙarƙashinsa da tsinke, na naɗe yatsan tam har kan gaɓar, na shafe da mai, sannan na fara warwarewa a hankali ina jan zoben. Yatsan ya yi baƙi. Tsohon ya dafe gefen tebur yana salati ƙasa-ƙasa, gumi na keto masa. Da zoben ya haye gaɓar, fata ta saluɓe, jini ya ɗan fito. Wurin da ya zauna ya yi fari fat, siriri, kamar ba yatsan wannan hannun ba. Pak Ngah ya kalle shi, ya ɗauke kai.

Dutsen gwaji na fara ɗaukowa, ya riƙe mini hannu. "Kar ki goge shi. Kar ki yi masa ko ƙarzane." Dama dutsen fatar ƙarfe kawai yake karantawa, kuma a irin wannan haɗin ba na yarda da shi. Saura awon ruwa, yadda babana ya koya mini.

Na wanke zoben da sabulu, na shanya, na ɗora a ma'auni: giram tara da ɗan ɗoriya. Sai na ɗaure shi da siririn zare, na rataya a ƙugiyar ma'aunin, na nutsar da shi cikin kofin ruwa, ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba. Wata 'yar kumfa ta maƙale a cikin loɓar, na kore ta da tsinke. Komai in ya shiga ruwa nauyinsa yana raguwa, kuma abin da ya ragu shi ne nauyin ruwan da ya ture, wato girman jikinsa ke nan. In ka raba nauyinsa na waje da wannan ragin, sai ka san sau nawa ya fi ruwa nauyi. Zinariya tsantsa sha tara ce da ɗoriya. Jan ƙarfe bai cika tara ba.

Ina yi ina faɗa masa, don ya matso har numfashinsa na kaɗa ruwan, sai da na ce ya ja baya. Na buga lissafin. Na zubar da ruwan, na sake sabo, na sake bugawa.

"Nawa?" ya ce.

"Sha biyu da ɗigo tara."

Na ga leɓensa na motsi. Wanda ya yi shekaru yana raba kamun kifi tsakanin ma'aikatan jirgi ba ya buƙatar takarda. Fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya.

"Sha tara da tara, ashirin da takwas. Rabi, sha huɗu. Nawa bai ma kai sha uku ba! Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi! Mek, zuba mini shayin nan, wallahi ban karya ba. Bari in ga Wan Leh da la'asar."

Ya ɗauki kofin da hannu biyu yana kurɓa, yana dariya shi kaɗai. Ni kuwa na zauna a bayan ƙarafunana kamar an ɗaure ni. Shiru kawai nake buƙatar yi. Ba ƙarya zan yi ba, shi ya yi lissafinsa da bakinsa. In na kawar da kai na fara goge gilashi, zai sa zobensa ya tafi gida, gwaggota ta ci abinci, magana ta ƙare. Allah ya sani, abin da zuciyata ta so ke nan, har na ɗauki tsumman gogewar.

Sai ya ajiye kofin, ya dube ni ido cikin ido. "Haka ne ko, Mek? Ke ce mai sana'a."

Na tsani wannan tambayar har yau.

"Ba haka ba ne, Pak Ngah."

Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba, sai da ya ɗan tsaya tukuna.

"Kowa haka yake yi, ya haɗa ya raba biyu," na ce. "Amma jan ƙarfe ya fi zinariya cin wuri. Giram ɗaya nasa ya ninka giram ɗaya nata a girma, har da ƙari. In ka haɗa su nauyi daidai da daidai, yawancin jikin zoben jan ƙarfe ne, sai ya jawo awon ƙasa. Rabi da rabi ba sha huɗu yake bayarwa ba. Sha biyu da kwata ne."

"Nawa kuma sha biyu da ɗigo tara."

"E."

"Ya wuce ke nan."

"In zinariya da jan ƙarfe ne kawai a ciki, ya wuce. Kusan kashi shida cikin goma."

Ruwa na ta dukan kwanon rufi har ba ka jin kasuwa. Sai na kama ɗan abin da ya rage a hannuna na miƙa masa, don shi ma gaskiya ne. Na ce ruwa ƙarfe biyu kawai yake iya rabewa. Wasu maƙeran sukan zuba azurfa cikin suwasa don ya yi laushin aiki, kuma azurfa ta fi jan ƙarfe nauyi. In akwai ta da yawa a ciki, awon zai iya hawa haka alhali zinariyar ba ta kai rabi ba.

"To akwai ta?"

"Ban sani ba. Launinsa ja ne sosai, ya fi kama da babu. Amma ba zan rantse ba."

"Ke nan ma'auninki ya ce e, ya kuma ce a'a."

"Kawo in narka shi in ƙara masa jan ƙarfe, in sake zuba maka. Kafin azahar na gama, ka huta da shakka."

"Ki narka loɓar ma? Ki narka santsin? Ai ba nauyinsa take taɓawa ba, Mek."

Saura a tambayi wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Mutum biyu ne suka tsaya a kan tukunyar narki ranar da aka zuba zoben. Ɗaya babana, yana maƙabarta. Ɗayar tana gida, tana kirana da sunan uwata.

Na kulle shago na bi shi. Ruwa ya riga ya shanye hanyar unguwarsu, muka naɗe tufafi muka kutsa, yana gaba ina baya. A gindin matakalar gidan na ce ya mayar da zoben kafin ya hau. Ya nuna mini yatsan, ya kumbura kamar ayaba. Ya ƙulle zoben a bakin zaninsa ya hau haka nan.

Mak Ngah na zaune a tabarma kusa da taga, ga kwanon shinkafa da kifi da budu, romon kifin nan namu mai gishiri, a gefenta, ba a taɓa ba. Maƙwabciyar ta ce tun safe take fama, ta sulale ta tafi. Pak Ngah ya zauna inda ya saba zama. Ta miƙo hannu ta lalubi nasa, babban yatsanta ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi. Sai ta saki hannun da sauri, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta matsa jikin bango.

"Kak Munah," ta ce da ni, sunan uwata ke nan, "baƙo ya shigo ba ki faɗa mini ba? Ba shi tabarma can nesa mana."

Na ga yadda kafaɗun tsohon suka sauka. Ya tashi ba musu, ya koma bakin ƙofa ya zauna, a cikin ɗakin da ya gina da hannunsa.

"Daga wurin masu jirgi kake, Encik?" ta tambaye shi ta bayan mayafi, da kiran girmamawar da ake yi wa baƙon namiji. "Ka ga Abe Senik? Tun asuba ya fita, ga hadari."

"Na san shi," ya ce. "Na gan shi, yana lafiya. Mutane na ta yaba zobensa. An ce ke kika ba shi."

Sai ta yi dariya. Na manta rabon da in ji wannan dariyar, ta yarinya ce sak, har da rufe baki da gefen mayafi.

"Ya nuna maka? Kai, Abe Senik da nuna kaya! Matso in gaya maka wani abu, amma in ka faɗa masa ban yafe ba."

Ya matso kaɗan.

"Yayana cewa ya yi zai sa zinariya kashi ɗaya, jan ƙarfe kashi biyu, kamar na kowa. Na ce ban yarda ba. Na kawo 'yan kunnen uwarmu duka biyu, na ce ya narka su tas, jan ƙarfe kuwa ya zuba iya wanda zai sa ya yi ja, kar a gane. Ya yi ta faɗa, wai zan sa shi cikin zunubi. Na yi masa kuka har ya gaji."

"Babu azurfa?" Pak Ngah ya ce, da kyar na ji shi.

"Azurfa kuma? A zoben mijina? Allah ya kiyaye." Ta gyara zama. "Mutumin nan ba shi da komai, Encik, rigar ɗaurin aurensa ma ta aro ce. Kullum yana kan teku. Na ce wata rana iska za ta jefa shi ƙasar wasu, ba dangi, ba wanda ya san shi. To ya kasance akwai abin da zai cire ya sayar ya dawo mini gida. Amma da ya san zinariya ce, wallahi ba zai sa ba. Ka san shi da tsoron Allah, har ya yi yawa."

Ta sake dariya, sai dariyar ta yanke. Ta juya ta leƙa taga, ta ga ruwa ya kewaye gidan ko'ina, ja, yana tafe da ganyen kwakwa.

"Bai dawo ba," ta ce. "Kak Munah, dubi ruwa, bai dawo ba." Ta fara ƙoƙarin tashi, ƙafafunta suka ƙi. Ta kama ƙarfen taga tana jijjigawa, tana kiran sunansa da ƙarfi. Na rungume ta, ta ture ni. Na ɗebo shinkafa na kai bakinta, ta buge hannuna, ta watse a tabarma. "Encik, don Allah ka je bakin ruwa ka duba mini shi. Ka ce abinci ya huce."

Pak Ngah ya tashi ya fita baranda. Na bar ta tana kuka na bi shi, don ban san wanda zan fara riƙewa ba a cikinsu. Na same shi ya kwance bakin zaninsa, zoben na tafin hannunsa.

"Kin taho da man kwakwar?"

"Pak Ngah, ka ji dai abin da ta ce."

"Na ji da kunnena. Ba sauran shakka. Ba ni man."

"Dubi yatsan nan. In ya shiga yau, ba zare ba, ko igiya ba za ta fitar da shi ba. Sai dai a yanke zoben."

"Na sani."

Na ba shi. Ya shafa, ya ɗora zoben a kan yatsan, ya cije leɓe ya danna. Ya tsaya a kan gaɓar da ta saluɓe. Ya jingina hannun da ginshiƙin baranda ya tura da dukan ƙarfinsa, hawaye na zubo masa, ban sani ba ko na zafi ne. Zoben ya wuce. Ya goge jinin da zaninsa, ya goge fuska, ya shiga.

Ya zauna kusa da ita ya miƙa hannun. Ta laluba tana sheshsheƙa, yatsanta ya juya zoben, ya tsaya.

"Abe Senik! Ina ka shiga? Ka jiƙe sharkaf." Ta rage murya. "Wani mutum ya zo nan yana ta tambayar zobenka. Ban gaya masa komai ba."

"Kin kyauta, Jarah. Buɗe baki."

Ta buɗe. Ya ɗebo shinkafa da kifi, ya cire ƙaya, ya ba ta, ta tauna tana riƙe da hannun.

Ina tsintar shinkafar da ta zube na ji lasifikar masallaci shiru, ga shi la'asar ta yi. Na dube shi. Da hannun hagu ya laluba ƙugunsa, ya kwance makullin masallacin da ke rataye a can tun ina yarinya, ya ajiye mini a kan tabarma.

"Ki biya ki kai wa Ustaz. Ki ce ya nemi wanda zai riƙa kira."

"In ya tambaye ni dalili fa?"

"Ki gaya masa abin da ma'auni ya ce."

Na ɗauki makullin na sauka cikin ruwa. Har na kai kwanar layi ina jiyo muryarta ta taga, tana yi masa faɗa wai ya cika mata baki da yawa.